Daƙiƙa Arba'in

Ni akawu ne, mutumin Horo Birni ta ƙasar Shagari. Na yi karatun allo, na gama firamare, sauran kuwa da girmana na tsinta, har na sami takardar sakandare ta hanyar jarrabawar masu karatu a gida. Bara na zauna jarrabawar JAMB, domin in shiga sashen koyon mulki da kasuwanci na Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato. Ban ci ba. Bana zan koma.

Abin da ya tashe ni shi ne, samarin da na koya wa cika rasit sun dawo da takardar difloma, yanzu ni ke kai musu fayil su sa hannu. Wannan kuwa ba yau aka fara ba. Tun 1946 aka buɗe makarantar akawuna a Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Mulki a 1954, akawun En'e da ya je can shi kan yi gaba. An rushe En'e a 1976, amma ba a rushe darajar takarda ba.

To, 'yan'uwa, ku ji abin da ya kā da ni, don ba rashin sanin lissafi ba ne. Tun 2015 da kwamfuta a kan yi jarrabawar nan. Tambayoyi 180 ne cikin minti 120: Turanci 60, sa'an nan fanni uku, kowanne 40. In kun raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan, ba ta ko kai minti guda ba. Ni kuwa shekara ashirin ana horona da cewa sauri kan haifi nawa, kada akawu ya juya shafi sai ya bi jimla sau biyu. Na tarar da wata tambaya kan kuɗin ruwa, na tsaya ina binta kamar kuɗin baitulmali ne suka ɓace. Na dace da amsarta kuwa, wannan na tabbata. Amma ina ɗaga kai lokaci ya cika, Turanci ko rabi ban yi ba.

Saboda haka shirin bana dabam ne. Bayan sallar lisha na kan shimfiɗa tabarma a zaure da tambayoyin shekarun baya, babban ɗana ya riƙe agogon waya. Da na daɗe kan guda sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, a wuce ta." Wallahi wucewar nan ta fi mini lissafin wuya, sai in ji kamar na bar littafin kuɗi buɗe na tafi gida. Ran Asabar kuma in shiga mota zuwa Sakkwato, in biya kuɗin awa guda a shagon kwamfuta, don yatsuna su saba.

Ragon da uwargida ke kiwo muka sayar aka biya kuɗin rajista, ba ta ce uffan ba. Jiya na amsa 40 cikin minti 31. Saura in rage huɗu.