Layin da wata yarinya ta ja a taswira

Aikina shi ne horar da malaman firamare. Wata rana na shiga wani aji a unguwarmu ta Akébé, cikin Libreville, don in ga yadda sabon malami yake koyar da labarin ƙasa. Ya rataya taswirar Gabon a allo, ya ce: "Wa zai zana mana hanyar jirgin ƙasa mai gudun gaske daga nan zuwa Franceville?" Wata yarinya ta taso, ta ja layi miƙaƙƙe, ta koma ta zauna. Ajin ya kwashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba, don ta kusa da gaskiya. Jirgi mai gudu ba ya son kwana. A Maroko akwai irinsa, sunansa Al Boraq. Tun 2018 yake aiki, yana kai gudun kilomita 320 a awa tsakanin Tanger da Kenitra. Sai da aka shimfiɗa masa sabuwar hanya tasa shi kaɗai.

Tamu hanyar daban take. Daga tashar Owendo zuwa Franceville kilomita 648 ne. Ta kai Booué a 1983, ta isa Franceville a 1986. Tana ratsa kurmi, tana bin kogin Ogooué yadda yake lanƙwasa. Kuma layi ɗaya ne tak. Jirgin fasinja da mai ɗaukar katako da mai ɗaukar ma'adinin manganiz na Moanda duk a kansa suke tafiya. In biyu za su haɗu, dole ɗaya ya raɓe a tasha ya jira. Na sha kwana a cikinsa in za ni horo. Ku lissafa, yara: da jirgi zai yi kilomita 300 a awa, awa nawa za ta kai ni?

Amma akwai abin da layin yarinyar ya tsallake. Bai bi ta Ndjolé ba, bai bi ta Booué ba. Jirgi mai gudu ba ya yawan tsayawa, in ya tsaya gudun ya tashi banza. Na san malaman da ke koyarwa kusa da ƙananan tashoshi. Littattafansu da allinsu a jirgin nan mai nawa suke zuwa, a cikinsa kuma ake kai marar lafiya asibiti. Ina son in isa da wuri, ƙashin bayana ya gaji da zama. Sai dai ba na son a wuce su.

Na faɗa wa ajin haka. Yarinyar ta ɗaga hannu, ta ce: "To Malam, a yi layi biyu mana."

Na ce: "Kuɗin fa?"

Ta ce za ta tambayi babanta nawa ne kilomita ɗaya.