Giwan Ruwa a Bakin Kogin Isa

Yawancinmu fatake abin da muka sani a Yamai bai wuce tasha da kasuwa ba: Katako, Wadata, Babbar Kasuwa, sai masauki. Kogin kuwa ta tagar mota muke hangensa in za a haye gada, alhali a bakinsa garin ya zauna. Zabarmawa na ce masa Isa Beri, wato babban kogi, shi ne dai wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara. Daga duwatsun Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, kafin ya faɗa teku ya ci tafiyar sama da kilomita 4,000.

Ni sana'ata albasa ce, ina sarowa daga Galmi in kai Kumasi. A zuwana na watan Disamba da nauyi na shigo garin. Mota ta yi kwanaki a tsaye a hanya, kusan rabin kaya ya ruɓe, ga lokacin biyan Alhajin da ke ba ni kaya bashi ya yi. Irin wannan magana ba ta yiwuwa a rumfar kasuwa, inda kowa ya kasa kunne. Sai na gayyace shi cin abinci a ɗaya daga cikin manyan gidajen abincin da ke kan tudu, kusa da gadar Kennedy.

Da la'asar sakaliya muka isa, aka ba mu tebur a baranda, kogi na ƙasa da mu. Gadar, wadda aka buɗe a 1970, cike take da motoci da babura masu komawa Harobanda, tsallaken da jami'a take. Masu wanki na naɗe kayan da suka shanya a gaɓa, masunta na tura kwalekwale, rana na gangarawa ta can ƙetare.

Abin da ya ɗaure min kai, kogin cike yake taf, ga shi an yi watanni ba ruwan sama. Alhaji ya yi dariya ya ce ai wannan ruwan Gini ne. Damina take zubar da shi can, ya bazu a fadamun Mali, sai cikin hunturu yake isowa Yamai.

Takardar abinci da Faransanci take. Na nemi kapiten, wato giwan ruwa. Aka kawo shi gasasshe, tsoka fara sol, ba yawan ƙaya, da soyayyar agada, lemon tsami da yaji, sai zoɓo mai sanyi. Wallahi ya yi daɗi. Amma kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da ni kwana uku a wajen mai shinkafa da wake a Katako.

Bayan mun yi Magariba mun dawo, Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ba yunwa ce ta kawo mu nan ba. Faɗi abin da ke ranka."

Na ce, "Alhaji, kaya sun lalace a hanya. Ba zan iya biya a dunƙule ba."

Ya yi shiru yana kallon fitilun gada cikin ruwa. Can ya ce, "Da ka ɓuya, da mun ɓata. Raba shi uku, na ƙarshe bayan kakar albasa." Muka yi musabaha, aka kawo shayi.

Nan na gane abin da ake saya a irin wannan wuri. Kifi akwai shi a ko'ina, mai araha ma. Abin da babu a kasuwa shi ne wurin da mutum biyu za su zauna tsawon awa biyu, ba mai katse su, ba mai ɗaukar zancensu ya kai gaba.

Ga wanda zai je, 'yan shawarwari. Ka tambayi farashi tun kafin a ɗora kifi a wuta. Galibin irin wuraren nan ana sayar da giya, don haka ka nemi tebur nesa da inda ake sha, ba mai ganin laifinka. Ka isa kafin faɗuwar rana, ka sa riga mai dogon hannu saboda sauro. In kuma da iyali kake tafe, ka kai su ko sau ɗaya ne, su sha zoɓo su ga kogin da muke hayewa shekara da shekaru ba mu tsaya ba.