Jiran Numfashin Anbar a Gaɓar Kaikoura

Garin Kaikoura yana gabashin tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, duwatsu a bayansa, tekun Pasifik a gabansa. Abin da ya fito da sunansa wani kwazazzabo ne a ƙarƙashin ruwa, wanda zurfinsa ya zarce mita 1,000 ba da nisa da gaɓa ba. Wannan zurfi ne ya sa ƙaton dabbar da Larabawa ke kira anbar yake kiwo kusa da tudu, har ƙaramin jirgi ya iya cim masa.

Bahaushen da ya hau irin wannan jirgi, kafin ya ga komai, matsalar suna ce za ta fara tare shi. Ya ce kifi, ga shi kuwa anbar da huhu yake numfashi, macen kuma tana shayarwa. Ya ce giwan ruwa, wani kifin kogunanmu ya riga ya karɓe sunan. Wanda ya fi kama da shi a hali cikin abin da Hausa ta sani shi ne ayu na Kwara da Binuwai, amma ina ayu ina dabbar da tsawonta kan haura mita 15?

Yawancin tafiyar jira ce. Anbar kan nutse kamar minti 45 yana farauta cikin duhu, saboda haka matuƙin jirgi yakan kashe inji, ya zura na'urar sauraro cikin ruwa, ya kasa kunne ga ƙwas-ƙwas ɗin da dabbar ke yi don gano abincinta. Idan ƙarar ta ɗauke, alama ce ya kamo hanyar sama. Can sai a hangi feshin numfashi ya karkata gaba ta hagu, domin kafar hancinsa a gefen hagun kai take. Zai kwanta bisa ruwa kamar gungumen itace na 'yan mintoci, sannan ya lanƙwasa baya, ya ɗaga wutsiya, ya ɓace. Wanda ya shagala da na'urar ɗaukar hoto sau da yawa yakan koma gida da hoton abin da idonsa bai gani ba.

Dolfin ba ya ja wa kowa rai. Garke-garke suke zuwa, wani lokaci ɗaruruwa, suna tsalle suna alkafura a gefen jirgi. Sama da su kuwa albatiros ne ke shawagi, tsuntsun da faɗin fukafukansa kan wuce mita 3, ga shi da wuya a ga ya kaɗa su.

Sai dai wannan nishaɗi yana da tarihi mai nauyi. A shekarun 1840 kisan manyan dabbobin teku ne sana'ar Kaikoura, har yau akwai tsohon gidan Fyffe da aka ɗora bisa ƙasusuwan bayansu. Sai a 1964 farautar ta ƙare a ƙasar. A 1987, da rashin aiki ya yi wa garin katutu, wasu iyalan Maori suka jinginar da gidajensu suka sayi jirgin kai baƙi kallo. Yau doka ta hana jirgi matsawa kusa da anbar ƙasa da mita 50. Duk da haka masu bincike na Jami'ar Otago sun lura cewa mazan anbar da ke ziyartar kwazazzabon sun ragu idan aka kwatanta da farkon shekarun 1990, kuma 'yan mintocin da dabbar ke hutawa a sama, waɗanda jirage ke rububi, su ne kaɗai damarta ta cika huhu.

Akwai kuma wani ɗan tsuntsu da Maori ke kira titi (ba titin mota ba), wanda nau'insa na nan ba ya ƙyanƙyasa ko'ina a duniya sai a yankin Kaikoura, cikin ramuka can bisa duwatsu. Girgizar ƙasa ta 14 ga Nuwamba, 2016 ta zaftaro ƙasa ta binne dubban ramukan, a daidai lokacin da tsuntsayen ke kwance kan ƙwai.