Baƙon Inji a Jirgin Kawu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Jega ya san gulbin nan da ya ratso ta gefen garin, wanda na gabas ke kira Gulbin Zamfara, mu kuma muke ce masa Gulbin Gindi. Ruwa ne mai hali biyu. Da damina ya cika ya batse har ya shiga gonaki, da bazara kuwa ya janye, wani wurin yaro ma ya ƙetare da ƙafa. Saboda haka jiragen masuntanmu ƙanana ne, sirara, masu tsini gaba da baya, ana tuƙa su da filafili ko da gora. Abin da nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne yadda aka ɗaura wa irin wannan jirgi inji, da abin da na tsinta a ciki.

Kawuna masunci ne ɗan masunci. Girma ya fara kama shi, kafaɗarsa ba ta jure doguwar tafiya da filafili, ga kifi ya yi nisa da bakin gari. Ya daɗe yana sha'awar injin fetur irin Yamaha da ake gani a Yawuri, amma da aka janye tallafin mai a 2023 sai ya cire rai. Ya tara kuɗin ƙwadagon albasa da ya yi a Aliero rani biyu, ya sayi wani ɗan inji na hannu mai aiki da batir. Asalin irin wannan inji daga Amurka yake. Wani mai suna O. G. Schmidt ya ƙago shi a garin Fargo a 1934, wato shekarar da aka fara bikin kamun kifi na Argungu. An yi shi ne don jirgi ya riƙa tafiya sannu ba ƙara, kada kifi ya watse.

To, Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Da aka kai injin bakin gulbi sai matsaloli uku suka bayyana. Ta farko, an ƙera shi ne don a maƙala shi a bayan jirgi mai shafaffen katako, namu kuwa tsini ne da shi. Ta biyu, ƙafar injin inci 36 ce, alhali bakin jirgin Kawu bai fi taƙi guda sama da ruwa ba. In an saukar da ita farfela ta tona rairayi, in an ɗaga ta kan injin ya yi tsiri har sai mutum ya miƙe tsaye kafin ya riƙe. Ta uku, batirin ya haura kilo 20, in an ajiye shi baya tare da inji da matuƙi sai goshin jirgi ya ɗaga sama.

Wani kafinta ya ba da shawara a datse wutsiyar jirgin a kafa mata allo. Kawu ya kusa yarda, sai dai tsohon masassaƙin da aka kai wa aikin ya ƙi. Ya dubi Kawu ya ce, "Malam, jirgin ga ya girme ka. Baƙo shi ka bin al'adar gari. In yanka za a yi, a yanki injin." Hujjarsa ita ce, tsinin baya shi ke sa jirgi ya zame cikin ruwa ba wahala, kuma ran da batir ya mutu a tsakiyar gulbi, filafili za a koma wa. Bugu da ƙari, jirgin maɗaci ne, kuma samun itace mai wannan kauri yanzu ya yi wuya.

Haka aka yi. Tsohon ya gitta wani katako mai ƙwari a bisa bakin jirgin kusa da baya, ya bar shi ya zarce ta hannun dama, ya kafa masa guntun allo a tsaye inda za a matse injin. Ƙafar kuwa wani mai gyaran lantarki a Aliero aka kai wa. Ya cire kan injin, ya zura siririn bututu don ya tsare wayoyin da ke ciki, sannan ya yanke abin da ya yi yawa, ya huda sabon rami ya mayar da kan. Ma'aunin da ya bi shi ne farfela ta nutse kamar ƙafa guda. In ta gaza haka iska za ta riƙa ja, ta yi ta kumfa ba tafiya. Batirin aka mayar da shi tsakiyar jirgi, ta hannun hagu, don ya rama nauyin injin. Wani bakanike a Maiyama ya ƙara tsawon waya, ya kuma dage sai mai kauri, domin siririya zafi take ɗauka ta cinye wuta a banza. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu Kawu yana isa wuraren da ya daina zuwa, ya duba mamarinsa ya komo da tarwaɗa da kurungu kafin hantsi, batir kuma ya sha cajin hasken rana. Amma injin yana da iyaka. Ba ya iya karawa da igiyar ruwa ta watan Agusta, cajinsa kuma na 'yan sa'o'i ne. Har yau filafili bai bar jirgin ba. An kuma gargaɗe shi kada samun inji ya sa ya riƙa ɗaukar mutane fiye da ƙima. Babu ɗan jihar Kebbi da ya manta jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021, inda aka yi asarar rayuka masu yawa.

Ni dai a matsayina na ɗalibin Hausa, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin mutanen nan. Babu wanda ya buɗe ƙamus, amma kowane sashe ya sami suna. Katakon da aka gitta suka ce sirdi, mariƙin tuƙi suka ce linzami, sandar ƙarfe suka ce ƙafa. Wato sun ɗauki inji a matsayin doki, suka ɗebo masa kalmomi daga barga. Mu kuwa a aji muna ta muhawara kan ko Hausa za ta iya ɗaukar ilimin kimiyya da fasaha, alhali a bakin gulbi tuni ta ɗauka.

Saboda haka ina kira ga 'yan wannan ƙungiya tamu, in an tafi hutu kowa ya riƙe littafi da biro ya zauna wurin masassaƙa da maƙera da bakanikai na garinsu, ya rubuta abin da suke kiran kayan aikinsu da dalilin da suke bayarwa. Tsofaffin nan ba dawwama za su yi ba. Allah ya sa mu dace, amin.