Ƙibar da Inna Take So

Duk ranar da na je gaishe ta a Kabo, wuyana Inna take fara dubawa. In ta ga ya cika sai ta ce, "Madalla, 'yar nan tana kula da kai." A wurinta ƙiba alamar kwanciyar hankali ce, rama kuwa ko ciwo ko bashi. Ban ga laifinta ba. Tana budurwa aka yi farin 1973, ta san yadda yunwa take fito da haƙarƙarin mutum.

Shekara tara ke nan da na buɗe shagon kayan masarufi a Gwarzo. Da na zo, wandona har sai na ƙara ɗaure mazagi. A bara da jiri ya kai ni asibiti, sikeli ya nuna kilo 98, ga jini ya hau. Ma'aikaciyar jinya ta haɗa nauyina da tsayina, ta ce lissafin ya haura 30, inda Hukumar Lafiya ta Duniya take kiran abin ƙiba mai haɗari. Na ce mata ai ni ba ni da ci.

Kuma har zuciyata haka na ɗauka. Marigayi Baba yakan tashi da malmala uku ta tuwon dawa da miyar kuka, ya bi da fura, amma har ya koma ga Allah ba shi da tumbi. Sai dai shi tun asuba yana gona da fartanya, kuma a ƙasa yake zuwa. Ni kuwa masallacin da ke bayan shago ma da babur nake zuwa.

Da ta sa na rubuta abin da nake ci na mako guda, kunya ta kama ni. Da safe shayi mai kauri da biredi da wainar ƙwai. Da rana shinkafa ko taliya, mai na kwance a kai. Lemon kwalba biyu, wani lokaci uku, tunda firjin yana gefena kuma ba na jin kamar kuɗi nake kashewa. Da dare tsire, sannan in je gida in ci tuwo don kada uwargida ta yi fushi. Babu wanda na taɓa lissafawa da sunan abinci sai tuwon.

Lemon nan ya fi ba ni mamaki. Robar rabin lita tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 12, kusan iyakar abin da hukumar nan ta yarda babba ya sha a yini. Kuma ba ya ƙosarwa. Mai kuwa, ƙarfin da yake ba jiki ya ninka na hatsi fiye da sau biyu, abin da ba a ƙona ba ya zama kitse.

Na bar lemon, na rage mai, na jingine babur in dai cikin gari ne. Tuwo ban bar shi ba. A wata bakwai na sauke kilo 11, gwiwoyina suka daina ƙara a sujada.

Sai ga wata sabuwa. Inna ta dube ni ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, gaya mini gaskiya, me ke tsakaninka da iyalinka?" Na yi bayani har da su hawan jini. Ta ce to, Allah Ya sawwaƙe. Washegari ta aiko ƙanena Gwarzo da kaji biyu da kwalbar man shanu, da saƙon a ba matata hannu da hannu.