Kwana a bakin tekun Fandi

A ƙasar Kanada, cikin lardin Noba Sikoshiya, akwai wani gandun shaƙatawa da ake kira Tsibirai Biyar. Gwamnatin lardi ce ke kula da shi. Yana bisa wani jan tudu mai tsawon metir 90, teku na ƙarƙashinsa. In an rufe lakkol lokacin zafi, mutane kan je can su kafa tanti su kwana.

Wani magidanci ya kai ɗiyarsa, ƴar shekara tara. Suka kafa tantinsu cikin itatuwa. Icen wuta a nan suka saye shi, don ba a son a kawo na nesa: yakan zo da ƙwari masu kashe daji. Bayan sun ci abinci, uban ya kulle sauran cikin mota, saboda wata dabba mai baƙin zobe a idanu da ke yawon dare. Ɓarauniya ce ta gaske, har murfin tukunya tana buɗewa.

Da safe yarinya ta leƙa ƙasa. Babu ruwa! Sai jan taɓo, iyakar ganin ido.

— Baba, wa ya shanye teku?

— Wata ne ya ja shi, in ji uban. Zai maido shi.

Gaskiya ya faɗa. Wata yana jan ruwan teku, ruwan ya cika, ya janye, sau biyu kowace rana. Amma a Fandi abin ya fi na ko'ina a duniya, don mashigin dogo ne, yana ƙara tsukewa, ruwa ya rasa wurin bazuwa sai ya hau. Tsakanin cika da janyewa akan sami har metir 16, cikin awa shida da ƴan mintoci. Ku auna da dogon giginya.

Uban ya duba takardar lokutan ruwa, ya duba agogo, sannan suka sauka. Suka yi tafiya a inda jiya kifi ke yawo. Yarinya tana tsintar duwatsu, tana kallon masu haƙar ƙumba da shebur.

Can uban ya ce su koma. Ta ƙi, wai ruwa na nesa. Ya nuna mata bayansu: wani kwari da suka tsallake a bushe ya fara gudana. Haka ruwan ke yi, ta baya yake fara zagayo mutum. Suka juya da sauri. Taɓo ya riƙe takalminta guda, ta tsaya ja.

— Bar shi, ɗiyata!

Ya saɓa ta a kafaɗa, ya ratsa kwarin, ruwa mai sanyin ƙanƙara har gwiwa.

Da azahar suna bisa tudu, tana shan shayi, ƙafa guda babu takalmi. Tsibiran nan biyar sun sāke zama cikin ruwa. Ta karɓi takardar ta karanta da kanta: gobe ruwan zai makara da kamar minti 50.