Sharar Gona Kafin Shuka

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san ba ranar da aka yi ruwan shuka ake fara noma ba. Tun cikin bazara, daga Isa har Sabon Birni, za ka ga hayaƙi na tashi a gonaki. Ana tuge tushiya, ana sassabe, ana tara kara da ƙaya ana cinna musu wuta. Manomin kirki ya san gwargwado. In ya yi wa sharar riƙon sakainar kashi, ciyawa ta riga geronsa tashi. In kuma ya saki wuta ba lissafi, ta cinye gawon da ke ba gonar taki, wataƙila har ta tsallaka rumbun maƙwabci.

To, mai karatu, wannan lissafin ne manyan likitocin jini na duniya suka shafe sama da shekara 50 suna yi a kan jikin ɗan Adam. Ni kuwa ciwon yayana ne ya kai ni ga saninsa.

Ubanmu ɗaya, uwa kowa da tasa. Malamin firamare ne, shekarunsa 41 lokacin da abin ya fara a 2021. Zazzaɓi ne da ba ya jin magani, sai kasala, sai dasashi ya riƙa zubar da jini. Wata uku ana yi masa maganin maleriya da taifot a shagunan magani, wasu na cewa shawara ce, wasu na cewa sammu. Da ƙyar muka kai shi Sakkwato, domin shekarar ce aka katse layukan waya a yankinmu, kuma a watan Disambarta ne 'yan bindiga suka ƙone motar matafiya a kusa da Gidan Bawa, mutum fiye da 20 suka rasu. Fita da marar lafiya a lokacin sai an yi shahada. A can aka ɗebi ɓargonsa aka auna, aka ce sankarar jini ce, mai saurin yaɗuwa.

Ga yadda likitar ta yi mana bayani. Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne gonar jini. A nan uwayen ƙwayoyin jini suke, su ke haifar jajaye masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan da ke sa jini ya daskare in an ji rauni. Sankara takan faru ne idan wasu ƙwayoyi marasa amfani suka yi ta hayayyafa har suka cika gonar. Maganin kansa mai ƙarfi, wanda ake kira kemo, yakan kwantar da ita. Amma ga manya da yawa takan dawo, kuma babbar hanyar raba su da ita ita ce dashen ɓargo, wato a ɗebo uwayen ƙwayoyin jinin wani mai lafiya a ƙara wa marar lafiya ta jijiya, kamar ƙarin jini.

Dashen kansa ba tiyata ba ne. Wahalar tana cikin makon da ke gabansa. A kwanakin nan ake ba mutum magunguna masu tsananin ƙarfi, wani lokaci har da gashin haske a dukkan jiki, don abu uku: a kashe ragowar sankarar, a buɗe wuri a cikin ƙashi, a kuma karya garkuwar jiki don kada ta kori baƙon ɓargo. Daga nan sai jiran mako biyu zuwa huɗu kafin sabon iri ya tsiro, mutum na kwance a killataccen ɗaki, ba shi da abin kare kansa ko daga mura.

Da na koma gida na faɗa wa mahaifiyarsa, sai ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, mi kac ce? Su kashe mai ɓargo da hannunsu, sannan su jira su gani ko na wani ya kama? In bai kama ba hwa?"

Na ce, "Inna, abin da sunka daɗe suna bincike a kai ke nan."

Kuma gaskiya na faɗa mata. Dakta E. Donnall Thomas na Amurka, wanda ya fara gwada dashen a 1957 kuma ya sami kyautar Nobel a 1990, ya ba da rahoto a 1977 kan mutum 100 da sankararsu ta gagari magani. An yi musu shara mai tsanani da maganin saikulofosfamaid da gashin haske. Mutum 13 ne suka rayu shekaru ba tare da cutar ba. Adadin kaɗan ne, amma a da babu ko ɗaya. A 1983 Dakta George Santos na asibitin Johns Hopkins ya nuna ana iya barin gashin haske a haɗa busulfan da saikulofosfamaid. Sai dai irin wannan shara matasa masu ƙarfi ne kawai ke iya ɗaukarta. Takan taɓa hanta da huhu, ta sa baki da hanji su yi gyambo, takan kuma hana haihuwa. Alhali sankarar ta fi kama dattawa.

A ƙarshen shekarun 1990 sai wasu likitoci, irin su Sergio Giralt a Hustan da Shimon Slavin a Birnin Ƙudus da Rainer Storb a Siyatil, suka zo da wata dabara. Sun lura cewa ba magani kaɗai ke kashe sankarar ba, sabon ɓargon ma yana zuwa da sojojinsa, su farauci ragowar cutar. Don haka suka ce a rage ƙarfin sharar, a yi amfani da fuludarabin da ɗan wani magani, daidai yadda baƙon zai samu wurin zama, sauran aikin a bar masa. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu shekara 60 har 70.

To wanne ya fi? An gwada a Amurka kan mutum 272, 'yan shekara 18 zuwa 65, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka fitar da sakamako a 2017. Bayan wata 18, waɗanda aka yi wa shara mai sauƙi cutar ta dawo wa kashi 48 cikin 100, masu tsanani kuwa kashi 13 da rabi. Amma wahalar maganin ta kashe kusan kashi 16 na masu tsanani, masu sauƙi kuwa kashi 4. Gaba kura, baya sayaki. Sai da aka dakatar da ɗaukar mutane tun kafin a cika adadi, saboda yawan dawowar cutar a ɓangaren masu sauƙi. A 2020 aka sake auna jinin waɗannan mutane da aka adana tun kafin dashe, sai aka gano cewa waɗanda ke da ɓoyayyen burbushin cutar su ne suka fi amfana da shara mai tsanani. Waɗanda jininsu ya fita tas, ba a ga wani bambancin rayuwa a tsakaninsu ba. Ashe dai sai an duba gona kafin a san irin wutar da za a sa mata.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zancen mai ba da ɓargon. A da sai wanda jininku ya dace ciki da bai, kuma ko shaƙiƙinka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewar ɗaya ce cikin huɗu. Yayana shaƙiƙiya ɗaya gare shi, tana aure wajen Maraɗi. Amma a 2008 likitocin Johns Hopkins suka nuna cewa idan aka ƙara ba da saikulofosfamaid a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe, ana iya karɓar ɓargon wanda dacewarsa rabi ce. Uwa da uba da 'ya'yan cikinka duk rabi ne, babu tantama. Ɗan uba kuwa damarsa ɗaya ce cikin biyu. Mu da muka tashi muna jin 'yan ubanci a matsayin sunan gaba da hassada, ga shi ilimi ya ce ɗan ubanka na iya zama maganinka. Ranar da na bayyana wannan a zauren gidanmu, mu tara ne 'yan uba, babu wanda bai miƙa hannu ba. Ƙaramin cikinmu ma cewa ya yi, "Yaya, in duka suka so, su kwashe."

Masu bayarwa ba su yi mana ƙaranci ba. Wurin yi ne da kuɗin yi. A Nijeriya an fara dashen ɓargo a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, aka yi wa wani yaro mai sikila. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa, shi ma da masu sikila. Mu kuwa sunayen da aka ambata mana Indiya ne da Masar. Muka sayar da shanun huɗa da gonar fadama, abin bai kai ko rubu'i ba. Kemo ya ba shi wata takwas na sauƙi, har ya koma aji ya koyar da zango guda. Da cutar ta dawo a 2022 ba ta ɗauki lokaci ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Na rubuta wannan ne don abu biyu da ke hannunmu. Na farko, zazzaɓin da ya wuce mako biyu ba ya jin magani, tare da ɗashewar jiki ko zubar jini a dasashi ko hanci, a je asibiti a nemi gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini. Gwaji ne mai sauƙi, kuma mai zuwa da wuri shi ke da ƙarfin ɗaukar magani. Na biyu, mu saba da ba da jini. Mai sankara yakan sha leda bayan leda, kuma babu asibitin da zai iya dashen ɓargo in ba shi da rumbun jini abin dogaro.

Na uku yana wuyan shugabanni. Sakkwato na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Kano na da na Malam Aminu Kano, Zariya na da na Shika, kuma duk akwai likitocin jini. A ba su ɗakuna da kayan aiki, a kuma tsare mana hanyar da za ta kai mu gare su. Iri kam muna da shi, cike da gidajenmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya. Amin.